Ban ruwa da hasken rana: kundin lambunmu na Kwalkwalawa

Asabar, 2 Nuwamba 2024

Yau muka zauna ni da Baffa da ƙanena a gindin dogon yaron bakin lambu, magana ta tsaya. Bana da hasken rana za mu shayar da albasa, in Allah ya yarda. Lambun rabin hekta ne a fadamar Kwalkwalawa, kusa da Gulbin Rima a Sakkwato. Da jigo kakanmu ya yi noman rani a nan. Baffa ne ya kawo injin fetur, kuma injin ya yi mana rana shekara da shekaru, ba mai musun wannan.

Abin da ya kore mu daga gare shi kuɗin mai ne. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Wannan makon sama da 1,000 na saya. Lambun yana shan kusan lita 7 a kowane ban ruwa, kuma daga dashe zuwa cira muna ban ruwa wajen sau 25. Ga baƙin mai, ga kuɗin makanike. Bara sau biyu muka bar albasa ta kwana da ƙishi don jarka babu komai.

Baffa bai gamsu ba, ya dai ba mu dama. Ya ce: "Ni abin da na sani, inji in ka ba shi mai shina tashi ko da tsakad dare. Wanga naku, in hazo ya rufe gari, wa za ku kai ma ƙara?" Na rubuta maganar a nan don tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da amsarta tukuna.

Kuɗin aikin: na kwashi adashena na wurin aiki, mun sayar da sa ɗaya a Kara, ƙanena ya zuba abin da ya samu a shinkafar damina.

Laraba, 6 Nuwamba

Na sayo farantan sola huɗu, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa fanel, kowane wat 550, a kan naira 140,000. Jimla 560,000. Famfon zurawa cikin rijiya mai wat 1,500 tare da kwantirolarsa, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke shigarsa, 480,000. Mai shagon ya matsa in haɗa da batir da inbata, na ƙi. Famfon kai tsaye yake karɓar wuta daga faranti, batir kuma shi kaɗai zai cinye sauran abin da ke hannunmu.

Litinin, 11 Nuwamba

Tsohuwar rijiyarmu ta inji siririn bututu ce, famfon ba ya shiga. Masu haƙa sun buga sabuwa yau da bututu mai inci 5, zurfin mita 15. Sun iske ruwa tun a mita 4 da rabi. Naira 250,000. Kafin la'asar sun tattara kayansu sun tafi.

Alhamis, 14 Nuwamba

Kwana biyu mai walda yana kan tsayar da ƙarafan da za su ɗauki farantan. Na ce ya ɗaga su sama da mita 2, don awaki da yara, don iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsu, kuma ina son in gwada shuka salak a inuwar. Mun ja-in-ja kan fuskar da za su kalla. Shi gabas yake so, wai can rana take fitowa. Na nuna masa cewa Sakkwato tana kusan digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a watannin noman rani rana ta kudu take ratsawa. Muka fuskantar da su kudu, da ɗan jirkicewa na digiri 15, yadda in an watsa ruwa zai gangare da ƙura. Duk kan notin da ya ɗaure, na sa ya ɗiga masa walda saboda masu ɗan hali. Ƙarfe da aiki 170,000. Waya, tiyo da sauran tarkace 95,000. Kuɗin mota 28,000.

Lahadi, 17 Nuwamba

Ruwa ya fito!

Mai haɗa wutar ya jera farantan huɗu a layi ɗaya, ya auna, wuta ta kusa bolt 200. Ya ja kunnen ƙanena sosai kada ya kuskura ya taɓa bakin waya da rana tsaka, don wannan wutar tana kisa. Da ƙarfe 10 da 'yan mintoci ya danna maɓalli. Ba ƙara, ba hayaƙi. Tiyon da ke kwance a ƙasa ya fara kumbura daga gindin rijiya, kumburin yana tafiya kamar mai numfashi, sai ga ruwa ya feso a bakin fangali na farko, ja da farko, daga baya ya washe. Baffa ya tsuguna, ya tara hannu, ya kurkure baki, ya shafa a fuska. Bai ce komai ba sai "Masha Allah."

Na fito da ma'aunin da zan riƙa bi har ƙarshen aikin nan: durom mai lita 200 da agogon waya. Da tsakar rana yau ya cika a sakan 58.

Litinin, 25 Nuwamba

An gama dashe. Mutum tara, kwana uku.

Alhamis, 5 Disamba

Famfo ya tsaya tun shekaranjiya, kuma sai yau na samu natsuwar rubutawa.

Alamar ta fara tun ƙarshen makon jiya, ban gane ba. Ƙanena ya ce yana ganin rairayi mai laushi yana kwantawa a bakin tiyo. Na ce sabuwar rijiya ce, za ta wanke kanta. Ranar Talata da hantsi ruwa ya ragu ya koma kamar zare, kwantirola ta kunna jar fitila, famfo ya yi shiru. Muka jawo shi da igiya mu uku. Da mai gyara ya kwance shi a kan tabarma, fankokin robar da ke cikinsa, masu tura ruwa sama, duk yashi ya cinye bakinsu, biyu sun tsage. Ya zazzage yashin a tafin hannuna, ya kusa cika shi.

Laifin kashi biyu ne. Masu haƙa ba su zuba tsakuwa a kewayen bututun ba, wadda ita ce ke tace yashi kafin ruwa ya shiga, kuma tsagar da suka yi wa bututun ta yi faɗi. Wannan nasu ne. Nawa kuma shi ne na sa an zura famfon har mita 14, dab da gindin rijiya, ina ganin hakan zai fi ba da ruwa. Ashe a bakin laka na ajiye shi. Injin fetur yana haɗiye yashi ya tofar ba abin da ya dame shi, shi ya sa masu haƙan fadama ba su saba damuwa da tsakuwa ba. Famfon sola ba ya yafe wannan.

Albasa kwana goma da dashe ba ta jiran gyara. Muka ɗauko tsohon inji daga zaure, aka wanke masa fulogi, ya tashi a ja na huɗu. Baffa bai ce "ai na faɗa" ba. Shi ya ba da kuɗin man farko ma daga aljihunsa, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Litinin, 9 Disamba

Masu haƙa sun dawo bayan an kai ruwa rana. Sun yarda aikin hannu nasu ne, tsakuwa tamu. An zuba baro shida a kewayen bututu, sannan muka sa injin fetur ya yi ta zuƙar rijiyar wajen awa huɗu har ruwan ya fito garau, na tara a kwalba na ajiye minti goma ban ga komai ya kwanta ba. An mayar da famfo a mita 10. Sababbin fankoki, tsakuwa da mai gyara: 62,000.

Asabar, 14 Disamba

Durom sakan 66. Ya kamata ya fi haka saurin cika da sababbin fankoki, ga gari garau. Hankalina bai kwanta ba.

Talata, 17 Disamba

An gano. Na roƙi mai haɗa wuta ya zo da mitarsa, ya raba farantan ya auna kowane shi kaɗai da ƙarfe 12 da rabi. Uku sun ba da amfiya 12 da ɗoriya. Na huɗu 9 kacal. Da muka leƙa bayansa da kyau, takardar da ke ɗauke da lambar 550 a kan wata aka liƙa ta, gefenta har ya fara ɗagowa. In aka jera faranti a layi ɗaya, wutar da mafi rauni zai iya wucewa da ita ita ce ta kowa, kamar ayarin da ke tafiya da saurin gurgun jaki. Wata guda ke nan faranti ɗaya yana riƙe da ƙafar uku.

Na kai shi shagon da rasit. Mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa daga Legas. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai da shugaban layinsu ya sa baki kafin ya canja mini. Duk wanda zai sayi faranti, ina ba shi shawara ya je da mai mita, a fitar da kayan rana a auna kafin ya ƙirga kuɗi. Minti biyar ne.

Da sabon faranti: sakan 53.

Asabar, 28 Disamba

Hazo ya sauka sosai, kwana uku ke nan. Rana ta zama fari fat kamar faifai, kana iya kallonta da ido. Famfo ba ya tashi sai 10 ta wuce, 3 da rabi ya kwanta. Durom sakan 90. Na hau kan tsani na ja yatsa a kan gilashin, ya bar layi kamar an yi rubutu a allo.

Ƙurar da ke sama ba mu da iko da ita. Ta kan gilashi kuwa tamu ce. Muka wanke da tsumma mai laushi ɗaure a gora da ruwa zalla, ba omo, awon ya dawo sakan 72 nan take. Sakan 18 ke nan ƙurar kwana biyar ta ci. Na kafa doka: wanki duk bayan kwana biyu, da sassafe kafin gilashi ya ɗauki zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

Sau biyu a makon nan muka cika da injin fetur. Wannan ce amsar tambayar Baffa ta ranar farko: in hazo ya rufe gari, tsohon inji za mu kai wa ƙara. Ba za a sayar da shi ba.

Asabar, 4 Janairu 2025

Akwai matsalar da ta fi yashi da hazo, kuma ba ta na'ura ba ce. Baffa tun tasowarsa da sanyin safiya ko bayan la'asar yake ban ruwa. Famfon kuwa ƙarfinsa daga 11 zuwa 2 yake, lokacin da mutum ke neman inuwa. Injin fetur yana bin lokacin manomi. Wannan, manomi ke bin lokacinsa. Ƙanena yana tsaye cikin fangali da fartanya rana tsaka, salla a gurguje, abinci a tsaye. In ya matsa na minti ashirin fangali ya ɓalle. Yanzu da sanyi ana jurewa, to in bazara ta shigo fa, ga azumi tafe?

Mai shago zai ce a sayi batir. Na yi lissafin na litiyam wanda zai riƙe famfon nan awa uku, ya haura miliyan. Kwana biyu ina juya abin, sai na ga ai ba wuta muke bukata da yamma ba, ruwa muke bukata. To a ajiye ruwan mana. Kusurwar arewa ta lambun ta ɗara sauran tudu. In aka yi tafki a can, famfo ya yini yana cika shi ba mai tsaro, da yamma a buɗe ya gangaro da kansa.

Manyan ƙasashe ma haka suke yi da rarar wutarsu: su tura ruwa zuwa tafkin kan dutse, in bukata ta taso su sako shi ya juya injin lantarki. Har yau wannan dabarar tana cikin manyan hanyoyin ajiyar wuta a duniya. Namu ƙaramin ɗan'uwanta ne.

Lahadi, 12 Janairu

Tafki ya kammala. Tsawo mita 6, faɗi 4, zurfi 1, wato lita 24,000. Ba mu haƙa ƙasa ba, gini muka tayar: bangon ƙasa mai kauri da aka daddaɓe, aka shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ciki, bututu mai inci 3 da makunni a gindi. Leda, bututu da leburori 215,000. Daren farko ya yi yoyo ta wajen bututun, muka zubar da rabi, aka sake ɗaurewa da robar tayar mota. Ya riƙe.

Yau bayan la'asar Baffa da kansa ya murɗa makunnin. Ya bi ruwan da fartanyarsa, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, ba gaggawa. Da ya gama ya ce mini: "To yanzu kun yi aiki. Da can wahala kunka saye da kuɗinku."

Litinin, 20 Janairu

Wanki, ciyawa, taki zagaye na biyu. Salak ɗin ƙarƙashin faranti ya fi na fili faɗin ganye, kuma ƙasarsa tana riƙe danshi kwana ɗaya fiye da sauran.

Talata, 28 Janairu

Na ji a rediyo shugabannin Afirka suna taro a Dar es Salaam kan shirin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na kai lantarki ga mutum miliyan 300 kafin 2030. Kusan miliyan 600 ne ba su da wuta a Afirka kudu da Sahara. Ina zaune a bakin tafki nake saurare, famfo yana zuba.

Manyan tashoshi suna da amfaninsu. Masar ta shimfiɗa Benban kusa da Aswan, mai ba da sama da megawat 1,000. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023, a shekarar da aka buɗe mai megawat 10 a Kumbotso ta Kano. Amma ko an ninka su goma, ban ga ranar da za a ja waya zuwa tsakiyar fadamar nan ba, wurin da ruwa ke shafewa duk damina. Abin da ya kawo wuta lambunmu faɗuwar farashi ne. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin faranti ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun Sin, waɗanda ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na kayan sola na duniya. Da farashin da ne, malamin makaranta irina ko a mafarki ba zai taya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wata ukun nan duk abin da ya ba mu wahala ba a Sin yake ba. Mai haƙan da ya san tsakuwa, ɗan kasuwar da zai auna kaya, mai gyaran da ke da fankoki a shagonsa, a nan gida ake samar da su. Ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa da mu, tun 1982 take aiki kan hasken rana da iskar gas ta kashin dabbobi. Da za a riƙa tara matasan fadama ana koya musu haɗawa da gyara na mako biyu, da an rage asara mai yawa.

Asabar, 8 Fabrairu

Maƙwabta biyu sun fara karɓar ruwa a ranakun da ba mu bukata, naira 3,000 a yini. Ya fi musu sauƙi a kan fetur. Ƙanena ya koma kwana a bukkar lambu, don an kwance farantan wani a ƙauyen gaba.

Asabar, 1 Maris

An tashi da azumi. Albasa ta fara kwantar da wuya, ban ruwa ɗaya ya rage mu ɗauke mata. Ƙanena ya yi shi bayan sallar asuba da ruwan da tafki ya kwana da shi, kafin 8 yana gida.

Talata, 18 Maris

An cire, ta sha iska, an yanke ganye. Buhu 74. Mun kai 20 kasuwa don biyan leburori da hidimar salla, sauran sun shiga rudu, wato ma'ajiyar albasa, sai farashi ya ɗaga.

Lissafi. Duk abin da aikin sola ya ci: 1,860,000. Fetur da muka ƙona bana lita 40, maimakon wajen 175. Abin da ya tsira a mai, baƙin mai da makanike ya kai 185,000. Maƙwabta sun biya 48,000. A haɗe 233,000. In albasa kaɗai za mu riƙa yi, shekara takwas kafin kuɗin ya dawo, kuma ban sa ran famfon ya kai haka ba tare da canji ba, ko da farantan an ce suna shekara 25. Wannan lissafin bai yi mini daɗi ba, amma shi ne gaskiya. Kayan ba za su biya kansu ba sai suna aiki daga Nuwamba har faɗuwar ruwa. Da can bayan albasa mukan bar lambun haka nan, don noman bazara yana shan mai fiye da abin da yake bayarwa. Bana za mu zuba kuɓewa da masara a rabinsa.

Talata, 8 Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, sama da digiri 40 a inuwa. Na ɗauka yanzu famfo zai fi kowane lokaci ƙarfi, sai ga durom sakan 67 da gilashi wankakke. Na koma ga takardar bayan faranti. Wat 550 ɗin a zafin digiri 25 aka auna shi, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kashi 0.35 cikin 100. Da azahar ba ka iya ɗora hannu a gilashin, mai mita ya ce ya kai 65. Kashi 14 cikin 100 ya tafi ke nan. Faranti haske yake so, ba zafi ba.

Sauran ragin daga ƙasa yake. Na zura igiya da dutse: ruwan da muka iske a mita 4 da rabi yanzu yana mita 7.

Asabar, 12 Afrilu

Maƙwabcinmu na yamma ya zo da safe, dattijo ne sa'an Baffa. Bayan gaisuwa ya ce injinsa yana shaƙar iska daga azahar, kuma abin ya fi tsanani ranakun da namu ya yini yana aiki. Rijiyarsa taku arba'in ce daga tamu. Injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce mita 7 zuwa 8, namu kuwa a cikin ruwan yake zaune. Ruwa yana sauka kowace bazara, amma ba zan ce ba hannunmu ba. Da muna sayen mai, ko minti ɗaya ba ma barin inji yana zuba a banza. Yanzu sau nawa na iske tafki ya cika yana ambaliya ta baya, ba wanda ya kashe.

Na ce masa: "Baba, ka yi haƙuri, ba mu lura ba." Muka tsayar da cewa ranakun ban ruwansa, Litinin da Alhamis, za mu kashe namu daga 12, in kuma injinsa ya gaza duk da haka, ya ja daga tafkinmu ba ko kwabo.

Ranar Litinin zan sayo makunni mai yawo a kan ruwa wanda ke kashe famfo da kansa in tafki ya cika, mai haɗa wuta ya ce kwantirolar tana da gurbinsa. Zan kuma riƙa auna zurfin ruwan duk Juma'a ina rubutawa a nan har damina ta faɗi. Kafin gulbi ya kawo, sai an ciro famfo an kai gida, a naɗe ledar tafki. Farantan suna sama, muna tunanin barinsu, amma Baffa ya ce ambaliyar 2010 ta wuce tsayin mutum a wajen nan, don haka gobe zan je in auna ƙarafan da alamar da ya nuna mini a jikin dogon yaro.